Murhun da Ba Ya Ci Sai da Izinin Lantarki

Daga cikin abubuwan al'ajabi da hikimar Turawa ta haifar, akwai murhun ɗumama gida na mutanen Amurka da Kanada, wanda abincinsa iskar gas ce, amma da zarar an ɗauke wuta sai ya yi gum, domin fankar da ke kora ɗumi zuwa ɗakuna da abin da ke kunna shi duk bayin lantarki ne. Saboda haka ranar da ƙanƙara ta tsinke wayoyi, maigida kan fita cikin sanyi ya ja igiyar janareta, ya ƙona fetur domin gas ya sami damar ƙonewa. Wani murhun ma, saboda tsananin waswasi, ba ya gaskata cewa harshen wutar da ke cikinsa wuta ce, sai an daidaita masa wayar ƙasa.

Mu mutanen Bauchi, da Allah Ya hore mana janareta tun daga Wunti har Yelwa, wannan mas'ala ba ta taɓa zuwa gaban malamanmu ba. In hunturu ya kankama a watan Janairu, gawayi ake sayowa, a zuba a kasko, a bi shi da mafici, a kuma bar taga a buɗe, tun da gubar hayaƙi ba ta sallama. Wanda kuwa ya yi ijtihadi ya jona hitar ruwa a ɗan janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba, zai ji ya yi tari ya ɗauke numfashi, maƙwabta su yi hamdala.