Duna a Otal ɗin Karnuka

A garinmu ba a yi wa kare shirin tafiya. In maigida zai yi balaguro sai ya ja ƙyaure ya kama hanya, kare kuwa ya san hanyar mahauta, ya san ta bola, kuma sau da yawa maigidan kan dawo ya tarar ya ƙara ƙiba. Zaman Abuja ne ya nuna mini akwai karen da ke da katin asibiti, da ranar haihuwa, har da otal.

Ni ba ma'abocin kare ba ne, ɓarayi ne suka haɗa mu. Da suka cire batirin motata, suka kuma dawo suka kwance injin tura ruwa, sai wani abokin aikina ya kawo mini kwikwiyo baƙi wuluk. Wai ubansa Alsatian ne na gidan wani babban soja. Da na tambayi asalin uwar sai ya canza magana. Na je wurin limamin unguwa, ya ce karen gadi da na farauta da na kiwo ba laifi, kuma a Malikiyya jikinsa ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Uwargida ta ɗora tata fatawar a kai: ba ɗaki, ba kicin, ba kusa da igiyar shanya. Muka raɗa masa Duna.

Ana nan Babbar Sallah ta ƙarato, duk gidan za mu Malumfashi. Na sa rai maigadi zai riƙe shi, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, ni ma fa ina da uwa a Maraɗi." Na kawo shawarar mu sa Duna a bayan mota. Uwargida ba ta ko ɗago kai daga ninke kaya ba ta ce, "Ka shiga gidan Hajiya da kare a jajibirin Sallah? To ka sauke ni a Zuba in hau ta haya." Maƙwabta kuwa, duk wanda na ƙwanƙwasa wa ƙofa sai tafiya ta taso masa nan take. Abokin da ya jawo mini wannan ne ya ce ai akwai wuraren da ake ajiye karnuka a biya kuɗin kwana.

Wuri na farko da na je a jikin wani asibitin dabbobi yake. Wata budurwa ta miƙo mini fom mai shafi uku. Sunansa, shekarunsa, jinsinsa, nauyinsa. Me yake ci, sau nawa? Akwai abin da jikinsa ba ya so? Ya taɓa cizo? Yana jituwa da sauran karnuka? An dandaƙe shi? Wa za a kira in ba a same ni ba? Ko ranar da na je gaban baffannin uwargida neman aure ba a tuhume ni haka ba. A gurbin abinci na rubuta "abin da ya samu". Ta karanta, ta ce, "Yallaɓai, katin rigakafinsa fa?"

Katin na nan cikin aljihun mota, ƙarƙashin takardun inshora. Tambari ɗaya ne a jiki, tun Duna na wata uku. Ta kira likita, wani dattijo mai fara'a, ya zaunar da ni ya ce allurar haukan kare duk shekara ake sabunta ta a nan ƙasar, kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana sarrafa ta. Sai kuma ta cutar da suke kira farbo, mai sa amai da zawon jini, wadda ƙwayarta ke yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Ya ce zai yi masa yau in na so, amma allura ba ta kama jiki a rana guda, sai ta ɗauki wajen mako biyu, don haka ba zai sa shi cikin karnukan mutane ba. Ya zagaya da ni ciki ba tare da na roƙa ba. Kowane kare da ɗakinsa, ƙasa a wanke, inuwa ta ko'ina, kwanon ruwa cike, ga allo a ƙofa da suna da lambar mai shi, ga ɗaki can gefe na marasa lafiya, ga mai kwana da su. Sannan ya faɗi kuɗin dare ɗaya, wanda ya ɗara abin da nake biya wa kaina in aiki ya kai ni Lokoja. Na yi godiya na fito ina huci. A ce da kuɗina a hana karena ɗaki!

A Facebook na gano wuri na biyu. Hotunansa ciyawa kore shar, da wani farin kare yana iyo a kwarmin wanka. Na bi kwatance har ƙarshen kwalta, na tarar da katangar langa-langa da wani ƙato a bakin ƙofa yana sakace. Tambaya ɗaya ya yi mini: kwana nawa? Ban ɓoye ba, raina ya yi fari, na ce ga mutumin da ya san darajar baƙo. Na nemi in leƙa ciki, ya ce a'a, baƙuwar fuska na tayar wa karnuka hankali. Na tambayi kwarmin wankan, ya ce ana gyara. Wani wari ya biyo iska ya dake ni, ya ce na maƙwabta ne, kaji suke kiwo. Abin da kawai ya ɗan sosa mini rai shi ne yadda ya tsuguna ya mammatsa cinyar Duna yana gyaɗa kai. Na tuna akwai kasuwar karnuka a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, kuma ba duk mai sayen kare a can ne ke neman na gadi ba. Amma kuɗinsa bai kai rabin na likita ba, sai na miƙa sarƙa. Da na ba uwargida labari, abin da ta ce kawai, "Araha dai ba ta ado."

Muka sha Sallah lafiya. A dawowa cunkoson hanyar Kaduna ya riƙe mu, ba mu iso ba sai bayan Isha, ga ba wuta. Ƙaton ya shiga da tocilar waya ya fito da baƙin kare, na buɗe but ya yi tsalle ya shige, ba gardama. Na ce wa uwargida, "Kin gani? Har tarbiyya suka ba shi." A gida na kwance shi a tsakar gida muka kwanta. Daren nan ko haushi ɗaya ban ji ba, na yi barci mai daɗi.

Da safe na fito na tarar da shi kwance a kan kujerar falo, ya ɗora haɓa a kan matashin uwargida. Na daka tsawa, ya dube ni ya yi hamma. Aka zuba masa ɗumamen tuwo, ya sansana ya kau da kai. Mai kwasar shara ya shigo, wanda Duna ya tsana tun yana kwikwiyo, sai ga shi yana kaɗa masa wutsiya yana miƙa hannu a gaisa. Autanmu ne ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, Duna ya zama mace."

Har gobe ina kan bakana cewa laifin 'yan NEPA ne.

Ban gama neman makullin mota ba waya ta yi ƙara. Wata Madam ce daga Maitama, kuma ba gaisuwa ta kira yi ba. Karyarta na hannuna, Duna na hannunta. Direbanta ne ya ɗauko shi a duhu irin nawa. Kafin gari ya waye ya haƙe furanninta, ya cinye kazar da aka ajiye wa baƙi, ya hana mijinta fita masallaci ko coci, ban tsaya tantancewa ba. Da direban ya zo zai yi masa wanka da shamfu, sai Duna ya nuna masa cewa shi ba a taɓa yi masa haka ba, a ƙauri. Madam ta ce, "Ina katin rigakafinsa?" Na ji muryar budurwar nan mai fom ta dawo mini.

A asibitin dattijon nan muka haɗu gaba ɗaya, ni da Madam da direba da karnuka biyu. Bai ce mini komai ba, murmushi kawai ya yi, wanda ya fi zagi ciwo. Ya tambayi direba ko ya wanke wurin, ya ce ya shafa man zafi. Likita ya sa shi gaban famfo da sabulu, minti 15 cur, sannan ya tura shi asibitin mutane a fara masa allura a ranar. Ya ce haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum 59,000 yake kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Shi kuma Duna dole a killace shi kwana 10 a ga ko lafiyarsa ƙalau. A ina? A nan, a ɗakin nan na gefe, a kan farashin nan da na yi fushi da shi.

Madam ta tambayi me na ba karyarta. Na ce ta ƙi tuwo, sai uwargida ta tausaya ta zuba mata soyayyen naman Sallah da miyar albasa. Madam ta dafe ƙirji. Ashe albasa na lalata jinin kare, haka cakulan da inabi guba ne gare shi. Aka duba ta, ba ta ci da yawa ba. Amma dukansu biyu sun kwaso kaska cike da kunne, da wani busasshen tari da karnuka ke ɗauka in an cusa su wuri guda. Likita ya ce da a Ingila ne wannan musanya ba za ta yi nisa ba, don tun 2016 doka ta wajabta a sa wa kowane kare 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa. Na ce a nan ko allo da alli ƙaton nan ya mallaka da an tsira. Na koma wurinsa neman kuɗina, ya ce shi baƙin kare aka ba shi, baƙin kare ya mayar.

Lissafi ya tashi a kaina: allurar direba, furannin Madam, kaza, maganin kaska na kare biyu, sabon matashi, da kwanakin Duna. Ya dawo gida lafiya da sabon tambari a kati, sai dai tun da ya ɗanɗana kazar Maitama yake yi wa ɗumame kallon raini.

Kai mai kare da ke shirin tafiya gida Sallar bana, ciro katinsa tun watan Zulƙida bai yi nisa ba. In ka je wurin ajiya ka nemi a nuna maka inda zai kwana, ka duba ruwa da inuwa da hancinka a buɗe. In an hana ka shiga, ja sarƙarka ka yi gaba. Ranar ɗauko shi kuma ka je da rana tsaka, ka tafi da yaro.