Bindigar Jamus a Kasuwar Korbongou

Masu tara tsofaffin makamai a Turai suna rububin wata bindiga mai suna Tankgewehr, wadda kamfanin Mauser ya ƙera a 1918 don huda tankokin yaƙin Ingila da Faransa. Tsawonta ya doshi mita 1.7, nauyinta ya haura kilo 15, harsashinta milimita 13.2, kuma ɗaya-ɗaya ake ɗura mata. Ba a yi mata abin rage dukan da take kai wa mai harbi ba, shi ya sa sojan Jamus kan samu targaɗe a kafaɗa tun kafin tanka ta lura da shi. Wanda ya dace da ita a yau, akasari sai an toshe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba, sannan ya goge tsatsa ya rataye a falo.

Mai wannan shafi ya haddace duk wannan, kuma abin da ya kai shi ya baro ke nan. Ran kasuwar Korbongou, a ƙasar Togo, wani ɗan gwangwan ya ja shi bayan rumfa, ya yaye buhu, sai ga dogon bututun ƙarfe, tsatsa ta ci rabinsa.

"Alhaji, kayan Jamus ne. A gona aka tono."

Gogan naka ya duba tsawo, ya jinjina nauyi, zuciya ta ce ita ce. Ai Jamusawa sun yi bariki a Sokodé da Sansanne-Mango, to me zai hana su manta bindiga ɗaya a gonar dawa? Aka yi ta albarka, har aka daidaita a jaka goma sha biyu.

Gyara ya kankama a tsakar gida: jiƙo a kananzir, gurza da samfefa, shafa baƙin mai. Uwargida ta tambayi inda bahon wankinta ya shiga, aka ce ta yi haƙuri, tarihi ne a ciki.

Lissafi ɗaya ne bai yi ba. Jamusawan Togo sun miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914 a Kamina, kusa da Atakpamé, bayan sun rusa tashar wayarsu ta iska da hannunsu. Tanka kuwa ba ta shiga fagen daga ba sai 15 ga Satumba 1916, a yaƙin Somme. Bajamushen da ke son harbin tanka a Togo sai ya jira shekara biyu a ƙirƙiro ta, ya ƙara biyu a ƙera masa bindigar, alhali tuni an kore shi.

Ya naɗe kayansa a tabarma, ya ɗaure a bayan ɗan kabu-kabu, sai Dapaong wajen mai walda. A hanya sai ga shingen soja. Yankin Savanes dai, inda Dapaong take, an saka masa dokar ta-ɓaci a Yunin 2022, bayan harin Kpékpakandi na watan Mayu, kuma sojan da ke shinge ba wasa ya kawo shi ba.

"Baba, me ke cikin tabarmar?"

"Bindigar harbin tanka ce," in ji shi, da Faransancinsa mai kyau, har da gyara hula.

Ɗan kabu-kabu ya saki babur ya kwanta rub da ciki, yana rantsuwa yau ya fara ganin wannan Alhaji. Aka warware tabarma a hankali. Wani dattijon soja ya leƙa bakin bututun, ya shafa zaren da ke ƙarshensa, ya nemi a nuna masa kunama. Babu. Wajen ɗura harsashi fa? Shi ma babu. Aka kira mai gyaran famfo daga bakin titi, kallo ɗaya ya yi ya ce bututun famfon burtsatse ne, irin India Mark II, da silindarsa.

An sallami Alhaji bayan doguwar nasiha. Mai gyaran famfo ya saye kayan jaka biyu, yana mita wai wani marar aikin yi ya cinye zaren da samfefa.