Hannu Biyu, Aiki Uku

A ɗakin jiran jirgi na Ikeja nake wannan rubutu, a kujerar da ta ba jama'a baya, don ban san su wa suka riga suka ga bidiyon ba. Uwargida na gefena. Jim kaɗan sai in ga kafaɗunta na rawa, ta toshe baki da gefen mayafi, in na juyo ta ce wai wani abu ta tuna na gida.

Ita ta kawo shawarar zuwa Legas. Yara sun tafi hutu gidan kakarsu, ta ce tunda aka kawo ta gidana ba mu taɓa fita mu biyu ba in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, kuma ita a talabijin kawai take ganin teku. Muka zo. Mun bi ta gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, tana ta salati har muka sauka. Mun shiga jirgin ƙasan nan mai aiki da lantarki da ya fara ɗaukar fasinja a 2023, daga Marina zuwa Mile 2, muka sauka, muka rasa abin da ya kai mu Mile 2, muka sake hawa muka dawo. A Dandalin Tafawa Balewa mun yi hoto a ƙarƙashin fararen dawakan nan na bakin ƙofa, na kuma tsaya na yi mata darasin da ba ta nema ba: nan ne filin sukuwa na da, nan aka sauke tutar Ingila da tsakar dare aka ɗaga kore-fari-kore a 1960. A kasuwar Balogun ita ta yi cinikin leshi, ni na yi dakon leda.

Ranar ƙarshe ta ce sai mun je Lekki Conservation Centre. Wani guntun daji ne mai hekta 78 da aka killace tun 1990, gidaje da manyan shaguna suka zo daga baya suka kewaye shi. Ciki fadama ce, an shimfiɗa hanyar katako a kanta, akwai birai da ɗawisu da wani tsohon kunkuru da kowa ke son hoto da shi. Amma abin da ya ja hankalin uwargida a waya shi ne gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa. Tsawonta mita 401, ana cewa babu irinta mai wannan tsawo a Afirka, kuma inda ta fi tashi ta kai mita 22.5, wato bene hawa bakwai da 'yan kai.

Kafin kowa ya yanke min hukunci, a saurari yadda aka haɗa min baki.

Da farko dai amala ce. Mun tsaya wata buka, aka kawo ta da zafinta, ga ewedu ga gbegiri, na ci, na ƙara, na sake ƙarawa. Muka shiga cunkoson titin Lekki zuwa Epe, mota ba ta motsi, ciki ya ɗaure, sai na zura hannu ƙarƙashin riga na ɗan sassauta tazuge. Duk magidancin da ya ce bai taɓa yin haka ba, ku bar shi da Allah.

Sai birai. Muna shiga mai yi mana jagora ya ce a yi hankali da su, fizge suke yi. Nan take uwargida ta ce aljihun kaftanina a wangame yake, in kwashe komai in mayar aljihun wando. Wayoyi biyu, fawa bank, walat, makullin ɗakin otal, ta kuma ƙara min da kwalbar humrarta, wai jakarta ba ta da zif. Farar shadda ce a jikina, sabuwar ɗinki, ta sha bugu tana santsi, saboda an ce za a yi hotuna.

A gindin hasumiyar farko ta ɗaga kai ta dubi abin, ta ce, "Baban Ummi, anya kuwa? Ko ka jira ni a ƙasa?"

Na yi dariya. Na ce ni da na tashi a gindin Dala, hawan dutsen nan shi ne wasanmu in an tashi daga makarantar allo. Har yau ina kan bakana, ban faɗi ƙarya ba. Abin da dai ban lissafa ba, Dala ba ya motsi.

Gadar nan faɗinta na mutum ɗaya ne. Ƙasanta ƙarfe, gefe da gefe raga, igiyoyin ƙarfe na riƙe da ita daga wannan hasumiya zuwa waccan, kuma tana ƙara tashi ne kana tafiya. Duk takun da wani ya yi, kowa sai ya ji shi a gwiwarsa. Komawa baya kuwa babu, akwai mutane a bayanka. Matar da ta yi ta salati a kan gadar siminti sai ga ta tana tafe tsaf, hannu ɗaya riƙe da mayafi, ɗaya riƙe da waya, har tana waiwayowa ta ce in yi murmushi. A bayana akwai 'yan bautar ƙasa uku cikin kakinsu, mata biyu da saurayi ɗaya.

Mun kai zangon da ya fi tsayi. Kawunan itatuwa sun koma ƙasan ƙafata, can nesa ga rufin gidajen Lekki. Ina tsakiya cif, ita ta riga ta isa hasumiyar gaba, sai na ji wani ɗan sanyi a ƙugu.

Ba faɗuwa ya yi ba tukuna. Sanarwa ya bayar. Ƙullin ya warware, na ji lokacin da ya warware, na kuma gane cewa lissafi ya ƙi. Hannun hagu na kan igiyar hagu, kuma ya riga ya rantse ba zai saki ba. Na dama haka. Wando na neman hannu na uku. Na yi niyyar ware ƙafa in tare shi, babu fili. Na kumbura ciki, amalar da ta jawo fitinar ta riga ta sauka ta bar ni. Na riƙe numfashi, na lanƙwasa gwiwa, na matsa taku ɗaya, wando ya zame ɗan yatsa guda. Na sake taku, ya sake zamewa. Na auna da ido abin da ya rage tsakanina da hasumiya, na auna abin da ya rage tsakanin ƙugu da gwiwa, na ga in aka yi sa'a za mu iya isa tare.

A nan saurayin nan ya ga ya kamata ya burge 'yan matan. Ya yi tsalle.

Gadar ta nutsa, ta taso. Ni na taso tare da ita, fawa bank bai taso ba. Kuma wallahi da wandon ya faɗi lokaci guda da ya fi min sauƙi. A hankali ya sauka, cikin natsuwa da girmamawa, kamar tutar nan ta Ingila da na yi wa uwargida darasi a kanta, busa kawai aka rasa. Ya wuce cinya, ya ɗan dakata a gwiwa, na ce ko ya tuba ne, sai ya ci gaba. Ƙwas! Kwalbar humra ta daki ƙarfe. Ƙamshi ya tashi.

Na sake duba bidiyon, abin bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Ni a wurina an yi azahar an yi la'asar a ciki.

Duk da haka na gode wa telan Kano, don kaftanin ya sauko har ƙwauri. Wanda ke nesa zai ɗauka wani dattijo ne ya tsaya kallon tsuntsaye da tulin yadi a idon sawu. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce da Turanci, "Dadi, sori o, in taimaka?" Ban taɓa sanin Turancina na da ƙarfi haka ba sai da na ji irin a'ar da ta fito daga bakina.

Sai na ji Hausa daga gaba.

"Alhaji! Alhaji mai farar shadda! Bahaushe ne ko?"

Wani dattijo ne zaune dirshan a kan hasumiyar da uwargida take, da ƙube a kansa, ya sarƙafo hannu ɗaya a jikin ginshiƙi. Na gyaɗa kai.

"Madalla. Daga ina?"

Ku ji fa. Mutum na tsakanin sama da ƙasa, wandonsa a ƙafa, ana tambayarsa gari. Amma tarbiyya ba ta bar ni ba. Na ce, "Kano."

"Kano ta Dabo! Ya mutanen gida? Ya ruwa bana?"

"Da godiya."

"Ni nan Agege aka haife ni, amma kakana mutumin Kano ne, goro ya kawo shi. To saurara, abin nan ba wuya. Kada ka kalli ƙasa."

Na ɗaga kai.

"A'a, kada ka kalli sama, jiri zai ɗebe ka. Rufe ido."

Na rufe. Duniya ta juya.

"Buɗe! Wa ya ce ka rufe duka biyun?"

Na buɗe. Uwargida na tsaye kusa da shi, waya a ɗage, hannunta na rawa, ba kuma don tsoro ba.

"Yanzu saki hannu ɗaya ka jawo shi."

Na ɗaga yatsun dama daga igiya, gadar ta karkata.

"Ba wannan ba! Ɗayan!"

Na mayar, na ɗaga na hagu, ta karkata ɗaya gefen.

Ya yi shiru yana nazari. "To ashe duk ɗaya ne. Mayar."

Ya gyara zama, bai saki ginshiƙin ba. "Akwai wata dabara. Ka yi ɗan tsalle, kana sama ka ware ƙafa, wandon zai hau da kansa."

"Baba, ka taɓa gwadawa?"

"Ban taɓa ba. Amma hankali ya ɗauka."

Da ya ga ban motsa ba sai ya sauya hanya. Ya ce in fita daga cikin wandon kawai in bar shi nan, abin duniya ne, Allah zai mayar da mafi alheri. Na ce wayoyina na ciki. Ya ce to kada in kuskura in bar shi, biran nan ba su da amana. Sannan ya shiga lallashi. Ya ce in kwantar da hankalina, ragar nan tana da ƙarfi, kuma ko da an ƙaddara na faɗo, ƙasan fadama ce, da laushi, kadojin ma an ce ba su cika fitowa da rana ba. Daga nan ya koma tarihi. Ya ce kakanninmu da ƙafa suke zuwa Gwanja fataucin goro, wata da watanni, su tsallake Kwara da jakunansu, bai taɓa jin an ce wandon ɗayansu ya faɗi ba. Ya ce matsalar 'yan zamani ita ce roba da zif, da tazuge na sa da haka ba ta faru ba.

Na ce, "Tazugen ne, Baba."

Ya ce, "To ka ga irinta."

Ina gaya muku gaskiya, a wannan lokacin na soma jin daɗinsa. Na manta da ƙarfen da ke rawa a ƙarƙashina, ina jiran in ji me zai fito da shi kuma. Da an bar mu, da mun kai magariba.

Iska ce ba ta bar mu ba. Daga ɓangaren teku ta taso. Kusan kilomita 1,000 na yi don in nuna wa matata tekun nan, ga tukuicin da ya aiko min. Na ji ta a ƙwauri, na ji ta a gwiwa, na ga gaban rigata ya cika ya taso, na kuma san hannuwana ba za su zo ba. Shaddar nan mai bugu ta tashi gaba ɗaya ta rufe min fuska.

Abin da ke ƙasa gajeren wando ne na Kano Pillars, kore da ɗorawa. Na saye shi zamanin da suka ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, lokacin ina da sauran ƙugu. Tun tuni ya yi ritaya daga fita waje, aikin cikin gida yake yi. Ban ga komai ba, fuskata na cikin riga, amma na ji dajin ya yi tsit. 'Yan bautar ƙasa sun yi tsit. Sai muryar dattijon ta tsaga shirun, da ƙarfin da bai yi amfani da shi ba a duk shawarwarinsa:

"Sai Masu Gida!"

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Iska ba ta san ni ba, amala ma haka. Amma wadda ta tsaya ta ɗauki wannan daga farko har ƙarshe, ba ta ko karkatar da waya ba, da sadakina aka kawo ta. Sai da iskar ta lafa sannan ta sa wayar a jaka, ta tako ta dawo tsakiyar gadar ba ta riƙe komai ba, ta durƙusa, ta jawo wandon, ta yi wa tazugen ƙullin da sai da aka nemo almakashi a otal. Ta ce, "Taho, Baban Ummi, ɗan gindin Dala." Na bi ta taku-taku, ina ƙamshin humra.

Da muka isa hasumiyar na tsaya in yi wa dattijon godiya. Ya miƙo min hannun da ba ya aiki, muka gaisa. Na lura ɗaya hannun har ya yi fari don riƙo. Na ce, "Baba, ba za ka taho mu sauka tare ba?"

Ya leƙa zangon da ya rage, ya yi sauri ya janye ido.

"Ku yi gaba, Alhaji. In kun sauka, ku duba min wata mata mai jan mayafi da yara uku. Ku ce mata har yanzu ina nan."