Masdarin Turawa da Tabar Mai Gadi

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure ya karanta Ajurumiyya, wadda Ibn Ajurrum mutumin Fas ya wallafa kafin rasuwarsa a 1323, sa'an nan ya ɗan leƙa Alfiyyar Ibn Malik, yakan tashi da wani irin ƙarfin hali a kan nahawu, har ya zaci babu harshen da zai gagare shi a bayan ƙasa. Ni kuwa da wannan zato aka ɗauke ni akawu a wani sito na auduga a ƙasar Funtuwa, zamanin En'e, ina ganin Turancin da na samo a Midil bai isa a ƙona masa kananzir ba.

Akwai wani babi a nahawun Turawa da suke kira *gerund*, wato masdari, abin da mu muke ce wa sunan aiki, kamar ci da sha da tafiya. Yinsa ba wuya, sai a liƙa wa fi'ili *-ing* a ƙarshe. Wahalar tana wajen sanin muhallinsa. Waɗansu fi'ilai, irin su *enjoy* da *avoid* da *finish* da *deny*, in wani aiki zai biyo bayansu sai ya zo da sigar masdari, waɗansu kuwa, kamar *want* da *hope* da *refuse*, sai an kawo musu *to* da fi'ili tsurarsa. Malaminmu na Midil ya faɗa mana haka, amma na ɗauka tsanani ne irin na malamai, gama a Larabci ko ka kawo masdari sarihi ko ka kawo *an* da fi'ili, galibi gida ɗaya za ka sauka, sai na yi ƙiyasi a kan wannan na rufe littafi.

Mai gadin sitonmu wani dattijo ne, tsohon soja wanda ya yi yaƙin Bama, ya komo da lambar yabo da kuma shan sigari. To, auduga da wuta ba sai an yi wa kowa tafsiri ba. Wata rana Baturen da ke zagayen duba sito-sito ya tsinci guntun sigari a bakin ƙofa, ya ce in ya sake ganin irinsa, a bakin aikin dattijo. Tsoho ya tsorata, ya je gaban limamin gari ya dafa Alƙur'ani ya yi tuba nasuha, ya koma cin goro, sa'an nan ya zo ofis ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Malam, rubuta wa Bature cewa na daina. Ka sa masa Turanci mai nauyi."

Na ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku, wannan aikina ne."

Na tsoma alƙalami a tawada na rubuta: *The watchman has stopped to smoke in the cotton store.* Da na ga jimlar ta yi kyau, sai na ƙara mata shaidu biyu yadda shari'a ta tanada, na ce ni kaina shaida ne, liman kuma da saninsa aka yi, na goge da bulota, na ba masinja.

Kashegari tun kafin azahar muka hangi ƙura ta turnuƙe hanya. Sai ga kitikar Bature, 'yan doka biyu a baya kowane rungume da bokitin ruwa, rabin ruwan ya riga ya ƙare a wandunansu. Motar ba ta gama tsayawa ba ya diro, fuska ta yi ja wur, yana ihu da Hausarsa ta jarrabawa, "Ina wuta? Ina wuta?" 'Yan doka kuwa, da yake su ba a ɗauke su aiki don tambaya ba, suka sheƙa ruwan a kan buhunan da ke kusa da ƙofa. Baba mai gadi ya ƙame ya sara masa, bakinsa cike da goro.

Aka aika a kirawo liman. Bature ya tambaye shi ko gaskiya ne ya san abin da mai gadi ya aikata. Liman ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na ƙarfafa masa gwiwa, har na yi masa addu'a Allah ya dawwamar da shi a kai, ya sa sauran ma'aikata su yi koyi da shi."

Bature ya nemi wuri ya zauna a kan sikeli.

Sai da aka yi ta ja-in-ja, tsoho ya zazzage aljihunsa ba kome sai goro da carbi, kana gaskiya ta fito. Bature ya karɓi alƙalamina ya rubuta jimla biyu a bayan rasit: *stopped smoking*, ya daina shan taba, *stopped to smoke*, ya tsaya domin ya sha taba. Ya ce *remember* da *forget* da *try* da *regret* duk haka suke, suna karɓar siga biyun, amma kowace da inda ta dosa. Na ce na fahimta sarai, alhali abin da na fahimta shi ne *to* ce fitina, tsira kuwa tana cikin *-ing*.

Saboda haka da lokacin ba da rahoton buhunan da suka jiƙe ya yi, maimakon *I regret to inform you*, wadda ita ce ladabin akawu in zai isar da labari mara daɗi, sai na rubuta *I regret informing you*, wato na yi nadamar da na gaya maka. Amsa ta zo da jan fensir: in har ina nadamar abin da na faɗa, mene ne kuma wanda ban faɗa ba? Aka turo odita, ya ƙirga kowane buhu, ya auna kowane dutsen sikeli, ya ci kajin unguwa, bai sami ɓatan ko anini ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a Larabcin ma da na dogara da shi an gargaɗe mu cewa masdarin fi'ili mai harafi uku mafi yawansa sima'i ne, a bakin Larabawa ake jinsa a haddace. Wannan babi na Turawa shi ma sima'i ne. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa *enjoy* ta ƙi *to* alhali *like* ta karɓa, Bature da kansa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ake faɗa.

Bayan watanni Baba mai gadi ya so neman ƙarin albashi. Na gan shi zaune gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya biya sisi, alhali ni kyauta nake yi masa. Na tare shi na ce, "Haba Baba, me ya yi zafi?"

Ya ce, "Malam, ba raina ilminka na yi ba, Allah ya ƙara basira. Amma shi wannan, Turancinsa bai taɓa kawo 'yan doka ba."