Bazazzagi da Rabin Ƙwallo

Bawana Bazazzagi, labarinka ya iso Kano. An ce tun da karatu ya kai ka Toronto ka zama gwanin cacar hoki, wasan nan da ƙarti ke sulɓi a kan ƙanƙara suna bin ɗan faifan roba da sanduna. Kai da sanyin Samaru kan hana ka wanka har azahar! Na san Kanada ta halatta caca kan wasa guda a 2021, Ontario kuma, lardin da Toronto take, ta buɗe wa kamfanoni ƙofa a Afrilun 2022. To halaccin gwamnati ne wannan, ban ji malaman Zazzau sun sa hannu ba.

Tunda ka shiga, zauna ubangidanka ya yi maka lissafi, don Bakano ba ya barin kuɗi su wuce bai ƙirga ba.

Mafi sauƙi ita ce ta "wa zai ci". In ka ga -150 a gefen ƙungiya, sai ka zuba dala 150 kafin ka samu ribar 100. In +130 ne, 100 ɗinka ta jawo maka 130. Wannan ta haɗa da ƙarin lokaci da bugun raba gardama. Akwai 'yar uwarta ta minti 60 zalla, wato zango uku na minti 20, inda kunnen doki ma zaɓi ne, kuma shi ne ke cinye kuɗin masu gaggawa irinka.

Amma wadda aka ce ta fi ɗauke maka hankali ita ce ta ƙwallo ɗaya da rabi. Kamfani ya cire wa ƙungiya mai ƙarfi 1.5, dole ta ci da tazarar biyu kafin a biya ka. Ko kuma ka bi mai rauni, ka yi ta addu'ar kada a doke ta da fiye da ɗaya. Nan ne abin dariyar. A hoki, in saura minti ɗaya ko biyu a tashi, ƙungiyar da ake ci da ɗaya takan fitar da mai tsaron ragarta ta shigo da ƙarin ɗan gaba. Raga ta zauna wayam. Sai wani ya wurgo faifai daga can nesa, ya gangara a hankali ya shige, 3-2 ta koma 4-2. Wasan bai canja mai nasara ba, kuɗinka ne kawai suka canja mai su. An ce ranar da ta same ka maƙwabta sun ɗauka gobara ce.

Sai ta yawan ƙwallaye: za su haura 5.5 ko 6.5, ko ba za su kai ba. Duba nan da kyau. Sau da yawa farashin ɓangarorin biyu kusan -110 ne. Kai ka zuba 110 a sama, wani ya zuba 110 a ƙasa, an tara 220. Wanda ya ci ya karɓi 210. Goman fa? Ta kamfani ce, ko wa ya ci. Dillali ne, sai dai na Kantin Kwari aƙalla yakan nuna maka atamfa kafin ya ɗauki la'adarsa.

Ta wane ɗan wasa zai jefa ƙwallo, da ta jera wasa biyar a tikiti guda, ɗaya ya yanke maka duka, waɗannan ba sai na ɓata tawada ba.

Abin da ya sa na kama ciki shi ne jin cewa tun farkon kaka ka zuba kuɗi wai Toronto Maple Leafs za ta ɗauki Kofin Stanley. Cikin ƙungiyoyi 32 na gasar NHL! Rabon da wata ƙungiyar Kanada ta ɗauke shi tun Montreal a 1993. Edmonton ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025, Florida ta kora ta gida duka biyun. Taka kuwa rabonta da kofin tun farkon Mayun 1967, makonni kaɗan kafin Gowon ya ba mu Jihar Kano. Mun sami tamu, mun girma har muka haifi Jigawa. Ku kuna nan a Kaduna kuna rubuta takardar neman jiha. Lallai ka samu ƙungiyar da ta dace da kai, sai ku yi jiran tare.