Wasan Yara, In Ji Wanda Bai Buga Ba

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a a Samaru ya zo mana kwana biyu a Muchia. Bayan isha'i na tarar da shi a zaure ya tasa kwamfuta a gaba. Na leƙa, sai ga wata 'yar halitta mai kama da fure tana tsalle-tsalle, sama shuɗi, kiɗa kamar na tallan madara. Hatta dodannin ciki murmushi suke.

"Kai, da gemunka? Wannan ai na 'yan nazire ne."

"Kawu, gwada ka gani," ya ce, da ladabin da ya kamata in yi zarginsa.

Sunan wasan Eversion. Wani ɗan Brazil, Guilherme Töws, ya fitar da shi a 2008, kyauta. Irin wasannin nan ne da mutum ɗaya ko biyu ke haɗawa a ɗaki, ba babban kamfani, kuma a zama guda ana iya gamawa. Tsarinsa na Super Mario ne, wanda Nintendo ta kawo a 1985, muka girma muna hura wa kaset ɗinsa iska: ka yi gudu, ka tsallake rami, ka tara duwatsu masu ƙyalli, ka ceto gimbiya.

Sai dai a nan akwai wuraren da in ka danna, duniyar ta juye. Da farko launi ne ke ɗan dusashewa. Can kiɗa ya karkace, murmushin dodanni ya gushe, jini ya fara fantsama, wasu hannuwa suna fitowa daga rami suna cafkar mutum. Gimbiyar da ake ta wahala dominta kuwa, ita ce uwar dodannin.

Yaron ya nuna mini wani na Japan, Syobon Action, na 2007, wanda yara ke kira Cat Mario. Can gajimaren da ke maka murmushi shi ke kashe ka. Kuma in rayukanka suka ƙare ba a korar ka, sai lissafi ya sauka ƙasa da sifili, ka ci gaba da wasa da ran bashi. Nan na tabbata wanda ya ƙirƙira shi ya taɓa zama ma'aikacin albashi.

Abin da ya ban haushi shi ne yadda yaran nan ke ɗaukar abin sabo, alhali mu a unguwa mun daɗe muna bugawa ba kwamfuta ba caji. Tsallen ramin ma ba sai an faɗa ba: duk wanda ya taka daga Muchia zuwa kasuwar Sabon Gari da damina, sanye da farar shadda, ya san yadda ake auna faɗin kwata da ido.

Ɗauki baƙon safe. Matakin farko sama shuɗi ne: "Wallahi wucewa nake, na ce bari in gaisa." A tambayi iyali, a tambayi gajiya, a yaba fentin gida. Ka kawo koko da ƙosai. Sai ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Dama..." To, a wannan "dama" ɗin duniya ke juyewa. Kiɗa ya karkace, hannu ya fito daga rami, kuma aljihunka ya nufa.

Ko katin biki. Zinariya-zinariya, da fure a gefe, da ƙanshin turare. Ka karɓa kana Allah ya sanya alheri. Mataki na biyu anko, na uku gudummawa, na huɗu liƙi, na biyar uwargida ta tuna cewa takalmanta duk ba su shiga da ankon ba. Kafin ka farfaɗo, wata tara ya cika, ga goron suna.

Adashi kuwa shi ne ainihin Eversion. Uwar adashi fara'a har kunne, kowa na zubi, kowa na tara duwatsu masu ƙyalli. Ranar kwasarka ce kawai wayarta ke kashe.

Duk wannan bayani na yi wa yaron, na kuma shaida masa cewa wanda ya ga jiya ya ga yau ba zane ne zai firgita shi ba. Na karɓe kwamfutar. Ina tsakiyar matakin da komai ya yi ja, aka ɗauke wuta, kyanwar maƙwabta ta diro kan kwanon zauren.

Ban yi ihu ba. Salati na yi, sai dai ya ɗan yi ƙarfi, har mai shayin bakin layi ya aiko a tambayi ko lafiya.

Da safe yaron ya zo sallama. Ya durƙusa, ya tambayi gajiya, ya yaba jarumtata ta daren jiya. Sannan ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, dama..."