Zuwa ga Alhaji Kaset, wanda bai taɓa cewa uffan ba

Daga nan Briketeri ta Yawunde nake rubuto maka, don labari ya iso mana wai ka yi arziki a Turai da Jafan. An ce akwai masu tara irinka, sabo fil a leda, wanda ko tari ba a ɗauka a kansa ba. Su jera TDK da Maxell da Sony da BASF a kabad ɗin gilashi, su zauna suna kallo. Wai TDK MA-R mai ƙashin ƙarfe har rububinsa ake yi a eBay, kuma da an yage leda daraja ta zube.

To, ranka ya daɗe, a unguwar nan wa ya taɓa barin ɗan'uwanka ya kwana shiru? Tun da Lou Ottens da mutanensa na Philips suka fito da ku a 1963, don aiki aka yi ku. C60 minti talatin kowane gefe, C90 arba'in da biyar, kuma ko daƙiƙa ba ma ragawa. Tela ya ɗauki Shata da Ɗan Maraya, yana ji yana taka keke. Azumi ya kama, a cusa takarda a ramukan nan biyu na ka, a ɗora tafsiri a kan kalangu. Bayan salla tafsirin ma ya ba waƙar Indiya wuri (Allah ya yafe mana). Wanda bai iya rubutu ba ya rufe ɗaki, ya gaida inna da kawu da gwaggo ɗaya bayan ɗaya, ya yi dogon bayanin abin da ya hana kuɗi zuwa, a damƙa wa mai shiga jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga can mota ta ƙarasa da saƙon Garwa ko Marwa. Rakoda ta tauna zare, mu zura biro mu naɗe. Ya tsinke, mu liƙe da jan farce. Da sefa ta faɗi a Janairun 1994 kuwa, sai da kowane tsohon kaset ya ƙara yin wani auren.

Yanzu waɗannan 'yan wahala suna kwali a ƙarƙashin gado, damshin Yawunde ya sa sun yi funfuna, babu mai taya su ko dala. Kai da ka yi lamo a leda ba ka tsinana wa kowa komai ba, kai ne ɗan gata.

Ga roƙona. In masu tarawar nan sun zo shafa ka, ka shaida musu ina da kwali guda cike. Akwai muryar kakata a ciki tana yi mini faɗa, amma in shiru suke saye, na iya gogewa. Leda kuwa ba ta yanke a kasuwar Mokolo ba.

Naka,
Wani tsohon mai rakoda, bayan masu tsire, Briketeri